Haɗa matiriks 12,000 × 12,000 daga jerin lambobi a Python: kwamfuta tana sandarewa

mai_koyo:

Assalamu alaikum, malamai. Akwai fayil na rubutu mai lambobi miliyan 144, lamba ɗaya a kowane layi, girmansa ya kai kusan gigabayit ɗaya da rabi. Wata manhaja da aka rubuta da MATLAB ce ta fitar da shi. Ana so a mayar da lambobin matiriks mai sahu 12,000 da ginshiƙi 12,000 a Python, don a ci gaba da lissafi a kai. Ga abin da na rubuta:

```python
import numpy as np
n = 12000
lambobi = [float(x) for x in open("bayanai.txt").read().split()]
M = np.array(lambobi[:n])
for i in range(1, n):
    M = np.vstack([M, lambobi[i*n:(i+1)*n]])
```

Da ƙaramin fayil na gwaji, 1,000 × 1,000, yana aiki, ko da yake da nauyi. Da babban kuwa ko layi na uku ba ya wucewa: kwamfutar ta sandare, wani lokacin ta fitar da `MemoryError`. RAM ɗinta gigabayit 8 ne. Kwamfutar ce ta yi kaɗan, ko hanyar ce ba daidai ba?

tsohon_hannu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwamfutar ta isa har da saura. Hanyar ce ke cinye RAM ɗin tun kafin a zo ga matiriks ɗin.

Fara da lissafin wuri. A NumPy, kunshin lissafi na Python da ka kira `np`, kowace lamba irin `float64` bayit 8 take ci. Miliyan 144 sau 8 ya ba da bayit 1,152,000,000, wato gigabayit 1.15. Nauyin matiriks ɗinka ke nan gaba ɗaya. Yanzu duba abin da layinka na uku yake ɗorawa. `read()` yana ɗauko fayil ɗin duka ya ajiye a RAM, gigabayit ɗaya da rabi sun tafi. Sai `split()` ya yayyanka shi zuwa guntayen rubutu miliyan 144, kuma a Python kowane guntu abu ne mai zaman kansa da ke cin bayit 50 ko fiye, ban da bayit 8 na adireshinsa a cikin jerin. Wannan kaɗai ya haura gigabayit 8. A nan kwamfutar take tsayawa. Da a ce ta tsallake, jerin `float` ɗin na jiranta: kowace lamba aƙalla bayit 24, da adireshi bayit 8, jimla 32, wato wasu gigabayit 4.6. Don haka kaya na gigabayit 1.15 ana neman a bi da shi ta hanyar da ke buƙatar fiye da 14.

Matsala ta biyu tana cikin zagayen `for`, kuma ko da RAM ɗin gigabayit 64 ne za ta kama ka. Matiriks na NumPy yana zaune ne a wuri ɗaya a jere cikin RAM, ba a iya ƙara masa sahu a ƙarshe. Duk lokacin da ka kira `vstack`, sabon wuri ake nema, a kwafe tsohon matiriks ɗin duka a ciki, sannan a ɗora sabon sahun. Sahu ɗaya bayit 96,000 ne. Zagaye na farko ana kwafe sahu biyu, na gaba uku, haka har 12,000. Idan ka tara, kusan sahu miliyan 72 aka kwafe, wanda ya kai wajen terabayit 6.9. Shi ya sa ƙaramin gwajin ma ya yi nauyi. Idan ka ninka yawan sahu da na ginshiƙi sau 12, aikin kwafin ba sau 12 yake ƙaruwa ba, sau 1,728 ne. `np.append` da `np.concatenate` a cikin zagaye duk ciwonsu ɗaya.

Gyaran shi ne a kama wurin sau ɗaya, lambobin su riƙa shiga kai tsaye daga fayil, ba tare da sun yada zango a jerin Python ba:

```python
n = 12000
with open("bayanai.txt") as f:
    v = np.fromiter(map(float, f), dtype=np.float64, count=n*n)
    saura = f.read().strip()
if saura:
    raise ValueError("lambobi sun fi yadda ake tsammani")
M = v.reshape(n, n)
```

`map` ba ya tara komai, layi ɗaya yake miƙawa a lokaci guda. `count` kuwa shi ke sa NumPy ya ware wurin tun farko. Idan ka bar shi, zai riƙa faɗaɗa wurin yana tafiya. Yana da wani amfanin kuma: idan lambobin ba su kai ba, zai tsaya ya yi ƙorafi. Amma idan sun yi yawa shiru zai yi, ya ɗauki na farko ya bar sauran, shi ya sa na sa binciken `saura`. Fayil ɗin da ke da layi ɗaya na ƙari a sama, misali lambar da ke nuna girman matiriks ɗin, zai gusar da kowace lamba da gurbi ɗaya, kuma babu abin da zai nuna maka sai wannan binciken.

`reshape` ba ya kwafin komai a nan. Lambobin suna nan inda suke, an dai canza yadda ake ƙirga su. Don haka RAM ɗin da ake ci bai wuce gigabayit 1.15 da 'yan kai ba.

Karanta rubutu miliyan 144 zai ɗauki lokaci, ko da wace hanya ce. `np.loadtxt` ma zai iya, musamman daga NumPy 1.23 zuwa sama, inda aka sake rubuta shi da C ya yi sauri sosai. Ko wanne ka bi, sau ɗaya ya kamata ka yi wannan wahalar. Da zarar matiriks ya haɗu, `np.save("M.npy", M)`. Gobe `np.load` zai dawo da shi cikin 'yan daƙiƙu, don babu sauran fassara rubutu zuwa lamba.

yar_lissafi:

Bayanin Malam ya yi, amma layinsa na ƙarshe zai ba da amsar da ba daidai ba, kuma ba tare da wani saƙon kuskure ba. Mai tambaya ya ce MATLAB ne ya fitar da fayil ɗin.

MATLAB, da Fortran, da R, ginshiƙi-ginshiƙi suke jera matiriks: su sauko daga sama zuwa ƙasa a ginshiƙin farko, sannan su koma na biyu. Idan aka rubuta `fprintf(fid, '%f\n', A)`, haka lambobin za su fito. NumPy kuwa, kamar C, sahu-sahu yake bi idan ba a ce masa komai ba. Sai lambobi 12,000 na farko, waɗanda ginshiƙin farko ne, su zama sahun farko. Abin da za ka samu shi ne matiriks ɗin a juye. Da yake yawan sahu da na ginshiƙi ɗaya ne, siffar ba za ta tona asirin ba. Ko da ba ɗaya ba ne ma `reshape` ba ruwansa, muddin jimlar ta yi daidai, sai dai a can lambobin ba juyewa kawai za su yi ba, cakuɗewa za su yi.

```python
M = v.reshape(n, n, order="F")
```

Wannan ma ba ya kwafi. Amma kada ka ɗauki maganata haka nan, don ba mu ga yadda aka rubuta fayil ɗin ba. Wasu sukan juya matiriks ɗin kafin su fitar, su rubuta `A'`. Gani ya kori ji: a tambayi mai manhajar darajar `A(2,1)` da `A(1,2)`. MATLAB daga 1 yake fara ƙirga, Python daga 0, don haka su ne `M[1,0]` da `M[0,1]` a wurinka. Idan ginshiƙi-ginshiƙi aka bi, `A(2,1)` ne a layi na biyu na fayil ɗin, `A(1,2)` kuma yana layi na 12,001. Idan biyun darajarsu ɗaya ce, a zaɓi wasu gurabun. Sai idan matiriks ɗin duka mai daidaiton ɓangarori ne, wato `A(i,j)` kullum daidai da `A(j,i)`, shi ne kawai wannan maganar ba ta shafe ka ba.

Tsarin yana taɓa sauri ma. A matiriks mai `order="F"`, lambobin ginshiƙi ɗaya ne ke maƙwabtaka a RAM. Lambobi biyu da ke kusa da juna a sahu ɗaya kuwa tazarar bayit 96,000 ce tsakaninsu. Na'urar sarrafawa tana ɗibar RAM ne a dunƙule, galibi bayit 64 a lokaci guda, wato lambobi 8. Idan ka bi ginshiƙi, duk takwas ɗin za su yi amfani. Idan ka bi sahu, ɗaya za ka ɗauka a zubar da bakwai. Don haka idan aikinka na gaba sahu-sahu ne, ka yi `M = np.ascontiguousarray(M)` sau ɗaya, sannan `del v`. Kwafi ne na gaske, zai ci wani gigabayit 1.15 na ɗan lokaci, kuma 8 ɗinka sun ɗauka.

Sauran abubuwan da kan ɓata irin wannan fayil: layin da babu komai a cikinsa zai sa `float` ya tsaya. Haka ma lamba mai waƙafi a madadin ɗigo, irin `3,14`, wadda ake yawan gani a fayilolin da suka fito daga kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yadda ake yi a Nijar. Waɗannan da sauƙi, tunda suna ihu. Masu haɗarin su ne `NaN` da `Inf`: MATLAB yana rubuta su, Python yana karɓarsu ba musu, sai can gaba ka ga duk jimlarka ta zama `nan`. Bayan lodi ka duba `np.isfinite(M).all()`.

Kuma in da hali, a daina bi ta rubutu gaba ɗaya. `%f` lambobi shida kawai yake bari bayan ɗigo, duk abin da ya kai ƙanƙantar 0.0000001 sifiri zai koma. A MATLAB a yi `fwrite(fid, A, 'double')`, a Python a karanta da `np.fromfile("A.bin", dtype="<f8")`, sai `reshape` da `order="F"`. Ba a rasa ko ɗigo, kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba. Fayil ɗin `.mat` ma ana buɗe shi da `scipy.io.loadmat`, shi da kansa yake kula da tsarin. Sai dai ba ya karanta sigar 7.3, wadda wani tsarin fayil ne daban, mai suna HDF5, a ciki. Ita sai da `h5py`, kuma a can matiriks ɗin a juye zai zo maka.

mai_koyo:

Na gode, Malam da Malama. Ya lodu, kuma lallai a juye yake, layi na 12,001 ne ya yi daidai da `A(1,2)`. Saura tambaya biyu. Idan aka koma `float32` ba a rage rabin wurin ba? Sannan akwai fayil na gaba da zai zama 40,000 × 40,000.

tsohon_hannu:

Malama ta yi gaskiya, ban lura da batun MATLAB ɗin ba.

`float32` zai mayar da na yanzu megabayit 576. Na 40,000 kuwa lambobi biliyan 1.6 ne: gigabayit 12.8 da `float64`, 6.4 da `float32`. Na biyun ma ba zai zauna lafiya a RAM mai 8 ba, tunda Windows ko Linux ɗin kansa yana da nasa kason, kuma ba ka da wurin ko kwafi ɗaya. Wannan a faifai ake gina shi:

```python
from itertools import islice
from numpy.lib.format import open_memmap

n = 40000
T = open_memmap("T.npy", mode="w+", dtype=np.float64, shape=(n, n))
with open("babba.txt") as f:
    for j in range(n):
        T[j] = np.fromiter(map(float, islice(f, n)),
                           dtype=np.float64, count=n)
        if j % 500 == 0:
            T.flush()
T.flush()
```

Lura da abin da na yi: tunda fayil ɗin ginshiƙi-ginshiƙi yake zuwa, na bar kowane ginshiƙi ya kwanta a matsayin sahun `T`, don rubutun ya tafi a jere a kan faifai. Daga baya `M = np.load("T.npy", mmap_mode="r").T` zai ba ka matiriks ɗin a daidai, ba tare da kwafi ba. Idan ka ce sai ka rubuta `M[:, j]` a fayil mai tsarin sahu, kowace lamba wani wuri daban za ta faɗa a faifan, aikin awa ɗaya ya koma na kwanaki.

`flush` ɗin don wuta ne. Idan ka riƙa ajiye lambar `j` ta ƙarshe da aka kammala a wani ɗan fayil, ko an ɗauke wuta sai ka buɗe da `mode="r+"`, ka tsallake layuka `j*n`, ka ci gaba daga `j` ɗin. Kada kuma a ajiye shi a filashi mai tsarin FAT32, fayil ɗaya ba ya wuce gigabayit 4 a can. Sai exFAT ko NTFS.

Abin da ke kama mutane bayan sun gina shi: `M * 2` ko `M - M.mean()` sabon matiriks suke haifarwa a RAM, cikakke, gigabayit 12.8. Kasancewar `M` a faifai bai hana ba. Dole aikin ya tafi gutsure-gutsure, kamar ginshiƙai 1,000 a lokaci guda, wanda megabayit 320 ne kacal. Ko a na 12,000 ɗin da ke RAM, `M *= 2` ya fi `M = M * 2`, don na farkon a wurin yake gyarawa.

yar_lissafi:

Kan `float32`, ni ba zan ba da shawararsa ba sai an san me za a yi da matiriks ɗin. Alƙaluma kusan 7 yake riƙewa, `float64` kuwa 15 zuwa 16. Daga 16,777,216 zuwa sama ba ya iya bambance lamba da mai bi mata: ka ƙara 1 a kan 16,777,216, amsar ta dawo 16,777,216. Idan bayanan awo ne da tun asali alƙaluma uku ko huɗu ne, kamar zafin rana ko hasken hoto, ajiye su a `float32` ba asara. Amma wajen tarawa a ce `M.sum(axis=0, dtype=np.float64)`, don kurakuran ƙanana kada su taru. Idan kuwa za a warware tsarin lissafi ne da shi, a bar shi a 64. Kuma a yi amfani da `np.linalg.solve(M, b)`, kada a nemi `inv(M)` sannan a ninka: ya fi tsada, kuma amsarsa ta fi karkacewa.

Idan lambobin cikakku ne marasa ɗigo, akwai ragi mafi girma. Daga 0 zuwa 255 `uint8` ya isa, bayit ɗaya, na 40,000 ɗin ya dawo gigabayit 1.6 ya shiga RAM. Sai dai shi ma da tarkonsa: a jerin `uint8`, 200 da 100 idan aka haɗa 44 suke bayarwa, don ya cika ya zagayo, kuma ba zai faɗa maka ba.

sifiri_da_ɗaya:

Kafin a sayi faifai ko a jira awanni, a ƙirga sifirin da ke ciki: `np.count_nonzero(M) / M.size`. Manyan matiriks da yawa, irin na hanyoyi tsakanin garuruwa ko na alaƙar mutane ko waɗanda ke fitowa daga lissafin injiniyoyi, kusan duk cikinsu sifiri ne. Ajiye sifiri biliyan ɗaya a bayit takwas-takwas ɓarna ce.

Misali, matiriks 40,000 × 40,000 da ke da lambobi miliyan 4 kawai waɗanda ba sifiri ba, wato ɗari a kowane sahu. A tsarin CSR na kunshin SciPy, wanda ke ajiye waɗanda ba sifiri ba kawai, sahu-sahu, kowace tana cin bayit 8 na darajarta da 4 na lambar ginshiƙinta, sai ɗan jeri mai gurbi 40,001 da ke nuna inda kowane sahu ya fara. Jimla kusan megabayit 48, a madadin gigabayit 12.8. Ana gina shi daga jeri uku masu tsawo ɗaya, sahu da ginshiƙi da daraja:

```python
from scipy.sparse import coo_array
S = coo_array((daraja, (sahu - 1, ginshiki - 1)), shape=(n, n)).tocsr()
```

A MATLAB `[i, j, v] = find(A)` ne ke fitar da ukun, shi ya sa aka cire 1. Idan aka manta, ko dai ya yi ƙorafi cewa 40,000 ta fita iyaka, ko kuma, idan sahu da ginshiƙin ƙarshe babu komai, ya karɓa shiru komai ya gusa. A rubuta `shape` ɗin kullum, in ba haka ba daga lamba mafi girma zai ƙiyasta, ya iya ba ka 39,998 a inda kake jiran 40,000. Sannan idan gurbi ɗaya ya maimaitu a jerin, `tocsr` tara darajojin yake yi, ba ya ɗaukar na ƙarshe. Ga masu harhaɗa matiriks daga ƙananan sassa wannan shi ake so. Ga wanda layi ya maimaitu masa bisa kuskure kuwa, darajar ta ninka ke nan.

Idan SciPy ɗinka ya girmi 1.8 ba za ka sami `coo_array` ba, sai `coo_matrix`. Bambancinsu da ke cizo: alamar `*` a tsohon ninkin matiriks take nufi, a sabon kuwa ninka gurbi da gurbi. Ka riƙe `@` don ninkin matiriks, ma'anarsa ɗaya a duka biyun. Kada kuma ka kira `toarray()` don ka leƙa, gigabayit 12.8 ɗin za su dawo nan take. Ka yanki kusurwa tukuna, `S[:10, :10].toarray()`. Haka `S + 1` ba shi da wurin zama, tunda duk sifirin za su zama ɗaya. Warwarewa kuma da `scipy.sparse.linalg.spsolve` ake yi.

A lissafin wuri, CSR yana fara riba ne da zarar waɗanda ba sifiri ba sun gaza kashi biyu cikin uku, tunda 12 ake biya a madadin 8. A aikace ni ba zan koma gare shi ba sai sun yi ƙasa da kashi 10 cikin 100, don ninkin matiriks cikakke yana da sauri ƙwarai a NumPy, kuma wahalar canjin ba ta biya a tsaka-tsaki.

mai_koyo:

Na ƙirga a na 12,000 ɗin: waɗanda ba sifiri ba ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Zan nemi a fitar da na 40,000 da `find` a jeri uku. Da `fwrite` za a rubuta su, ko rubutu ya isa?

yar_lissafi:

Ko ɗaya ba sai an yi ba. A mayar da shi `S = sparse(A)` a MATLAB, a ajiye da `save('A.mat', 'S', '-v7')`. `loadmat` zai ba ka shi kai tsaye a tsarin CSC, ɗan'uwan CSR mai bin ginshiƙi-ginshiƙi, an riga an gyara ƙirgar 0 da 1, sai ka kira `.tocsr()` idan sahu-sahu za ka bi. Bayan lodi ka gwada `S.shape` da `S.nnz` da abin da `size` da `nnz` suka nuna a can, sannan ka sake duba `A(2,1)` da `A(1,2)`, ko wasu gurabu biyu masu fuskantar juna da ba sifiri ba ne.